Guga da Ɓaunar Yaya Kamilu

Daren jiya na yi wani irin mafarki, kuma kada kowa ya ɗora wa tuwon Barira laifi, tuwon matata lafiyarsa ƙalau. Kati ɗaya ne ya jawo min.

Sunana Tasi'u, ɗinkin kujeru nake yi a Funtuwa. Duk ranar Asabar muna taruwa a wata rumfa bayan shagona muna buga wasan katin Dawa. Kowa yana haɗa ɗaurinsa na kati arba'in, namun daji da dabaru, ka sauke naka a fage su kara da na abokin wasanka, wanda aka kashe a jefa shi juji. Yau ne wasan ƙarshe na shekara, ni da Sadisu mai gyaran waya, mutumin da ya cinye ni sau shida a jere, kuma duk sau shidan yana fito. Kati talatin da tara na gama zaɓa, saura gurbi ɗaya, jiya na kwanta da katin da ake kira Guga a kan ƙirjina. Rubutun jikinsa gajere ne: ja kati uku daga ɗaurinka, sannan ka jefa juji katin da ya fi daɗewa a hannunka.

A nan matsalar take. Al'adar rumfarmu ita ce wanda ya ci wasa ya zaɓi kati ɗaya daga jujin wanda ya faɗi, ya ba shi wani nasa a madadi. Abin da ke hannu ba a taɓa shi. Ni kuwa ina da Ɓauna, ita kaɗai ce a garin nan, ta yayana Kamilu ce, Allah ya ji ƙansa. Shekara uku ke nan da rasuwarsa, kuma duk ranar da Ɓauna ta zo hannuna sai in danne ta da babban yatsa har a tashi wasa. Ban taɓa sauke ta a fage ba, don Sadisu ya daɗe yana lashe baki a kanta. Barira ta ce to in ajiye ta a akwati mana in huta. Na ce ba zan buga wasan da Yaya ya koya min babu katin Yaya ba.

Da wannan na yi barci, sai ga ni a layi a ƙofar wani ofis, rana tsaka.

Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsattsafowa yana tafiya sama. Mutanen da ke layin duk sun kife lemarsu sun tsaya a ciki, kawunansu a bushe. Ni da ban zo da lema ba ruwan ya shiga ta ƙafar wandona ya fita ta wuyan riga. Ban damu ba. Na zo a auna min kati ne, kuma na ƙudura ba zan bar wurin ba sai an auna.

Wani bunsuru da hular masinja yana zaune a bakin ƙofa, hatimi rataye a wuyansa.

"Wa ya zo ƙarshe?" ya tambaya.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To kai ne na farko. Sauran sun saba da jira, kada mu ɓata musu sabo."

Ya miƙo min fom. Na cike sunana da sana'ata da sunan katin, na mayar masa. Ya karanta a tsanake, ya gyara min wani wasali, sannan ya cinye takardar har da ƙusar da ta riƙe ta.

"An adana," ya ce. "Shiga."

Ciki wata jar akuya ce a bayan tebur, da tabarau da mayafi, a gabanta sikeli irin na masu sayar da nama. An rubuta a allon teburinta cewa ita ce Babbar Ma'auniya. Na gaishe ta, ta amsa ba tare da ta daina tuƙa ba.

"Malam Tasi'u, ajiye katin a tsakiya. Faɗi alherinsa a dama, aibinsa a hagu. Kada ka yi min waƙa, muna tashi kafin mu fara aiki."

Na gyara tsayuwa. Abin da na kwana bakwai ina juyawa a kaina ne, ba sai na yi tunani ba.

"Hajiya, kati ɗaya ne yake zama uku. In wasa ya yi tsakiya hannun kowa ya bushe, mai Guga ne kaɗai ke da abin saukewa."

Ina rufe baki ƙwan zabi uku suka faɗo a farantin dama. Sikelin ya karkata.

"Sannan yana tono. In Zakina yana can ƙasan ɗauri yana barci, Guga na kusantar da ni gare shi da taki uku. Sau biyu Sadisu yana cinye ni Zaki na saman ɗauri, saura ja ɗaya."

Wata 'yar shebur ta faɗo kan ƙwan, ba ta fasa ko ɗaya ba.

"Aibi," ta ce.

"Yana cin zagaye. Duk zagayen da ka buga Guga ba ka sauke dabba ba, kurayen Sadisu kuwa ba sa jiran kowa, cizo ɗaya za su yi maka kyauta."

Haƙorin kura ya faɗo a hagu, da ɗan nama a jikinsa.

"Kuma yana rage ɗauri. In wasa ya yi tsawo katinka ya ƙare kafin nasa, ka faɗi ko da fagenka cike yake da giwaye. In kuma ya zo maka a farkon wasa hannunka cike, zama zai yi yana kallonka kamar baƙon da ya zo ana tsakiyar shara."

Buhu marar komai ya sauko a hankali ya kwanta kan haƙorin. Sikelin ya yi lilo ya tsaya daidai, allurar ba ta karkata ko'ina ba. Na ji haushi ƙwarai. Na taso tun daga Funtuwa, ruwa ya jiƙa ni ta ƙasa, a ce min kunnen doki?

Akuyar ta sauke tabarau ta dube ni.

"Akwai saura. Rubutun katin layi biyu ne, ka karanta min ɗaya da rabi."

"Shi ke nan abin da na sani."

"Me ke hannunka na hagu?"

Sai a lokacin na lura hannuna na hagu a dunƙule yake tun daga layi. Na mayar da shi bayana.

"Ba komai, Hajiya. Haka aka haife ni."

"Masu irin wannan hannun, rijiya muke tura su," ta ce. Ta buga min hatimi a goshi.

Sai ga ni a wani fili, kaina a ɗage. Tunda ruwan ƙasar nan sama yake tafiya, rijiyoyinsu ma a sama suke. Bakin wannan yana can daidai tsayin rimi, baƙi ƙirin, ruwa na ƙyalli a cikinsa. Wata tsohuwa da ake kira Iya Tabawa ce ke ɗiba wa mutane. Sai ta wurga guga sama, ya nutse, ta jawo shi ƙasa da igiya tana nishi. Duk wanda aka ɗibar wa yana samun abu uku a gugan, amma abin da ya fi daɗewa a hannunsa sai ya suɓuce ya tashi sama ya faɗa rijiyar.

Wani dattijo mai jar hula ya samu mangwaro uku, gabar da yake yi da maƙwabcinsa shekara ashirin ta suɓuce masa. Ya tsaya yana zazzaga masifa, wai an cuce shi, yanzu bai san wanda zai ƙi gaisarwa gobe ba. Bayansa wata mata ta matso, ta buɗe tafinta, wata 'yar tsakuwa ta tashi sama, ta kwashi zannuwa uku ta yi gaba tana murmushi.

Na ce a raina, yawwa, ga dabara. In na riƙe wani katin banza tun kafin Ɓauna ta zo, shi Guga zai ɗauka. Na durƙusa ina neman tsakuwa.

"Ɗan nan, me kake nema?" in ji Iya Tabawa.

"Abin da zan ba rijiya, Iya."

"Ita waccan tun da safe ta ɗauki nata, kafin ta ɗauki komai. Kai naka shekara uku yana hannunka. Wane dutse ne a filin nan zai girme shi?"

"A wasa ana sake rabawa, Iya. In katin banzan ya riga zuwa, ai shi ne babba."

"Hannun naku kati nawa yake ɗauka?"

"Bakwai."

"Ka ɗaure ɗaya don ƙauna, ka ɗaure ɗaya don ya yi gadin na farkon. Saura nawa?"

"Biyar."

"Shi mai fiton da nawa yake zuwa?"

Tsohuwar ba ta taɓa zuwa rumfarmu ba, amma lissafinta ya fi na duk wanda ke zama a can. Shekara uku ina shiga wasa da kati shida ina cewa Sadisu sa'a gare shi, yanzu kuma ina shirin in koma biyar in kira shi wayo.

"Buɗe hannun mu gani," ta ce. "Ba zan wurga guga ba sai ka ce."

Yatsun sun ƙage, sai da na sa hannun dama na ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Ɓauna ta fito. Ta sauko ƙasa da girmanta na gaske, sai dai ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, gwiwoyinta na rawa, ƙahonta na dama ya goge saura guntu, daidai inda babban yatsana ke zama a jikin katin.

Ta yi miƙa, ƙasusuwanta suka yi ƙara. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne ƙanen?"

"Ni ne."

"Hannunka gumi gare shi."

"Kare ki nake yi," na ce. "Ba don ni ba da tuni kina aljihun Sadisu tare da sukurdireba."

"Na gode. Ka san rabona da in tunkuyi wani abu? Ina jin kurayen nan suna wucewa ta gabana suna cin 'yan gadarka da zomayenka, ni ina leƙe ta tsakanin yatsunka. Har sun daina gaishe ni."

Kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya, don ba daɗi dabbar da ka yi wa hidima shekara uku ta faɗa maka gaskiya a gaban tsohuwa. Na buɗe baki zan kare kaina.

Sai ga ni a rumfarmu, a kan bencina. Rumfar tana bisa bayan wata babbar mota da ke tafiya da baya, amma shayin da ke kan tebur ko motsi bai yi ba. Sadisu na gabana yana fito, kuraye uku a fagensa, na gaske, sun ɗora haɓa a kan tebur. Fagena babu komai. A hannuna kati uku ne: Ɓauna, wadda ta koma takarda ta riga kowa zuwa, sai wani Ɓera, sai Guga.

A kujerar alƙalin wasa wani mutum yana ɓare gyaɗa, ɓawon na tashi sama yana manne wa rufin kwano. Riga mai ruwan toka, hula an tura ta ƙeya. Tun kafin ya ɗago na san shi.

"Yaya."

"Tasi'u. Kai ake jira, ka sa mutane sun tsufa."

Muryarsa ce, da 'yar dishewar nan ta mai shan iska a kan babur. Na ji kewarsa ta taso min gaba ɗaya. Ina da tambayoyi da yawa da na tara masa, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Yaya, in sa Guga ko kada in sa?"

Ya yi dariya har gyaɗa ta sarƙe shi.

"Shekara uku ba mu haɗu ba, tambayar ke nan? To ai shi ke nan, jinina ne kai. Me ya hana ka?"

"Zai jefa Ɓaunarka juji. In na faɗi Sadisu ya ɗauke ta."

"Lokacin da nake bugawa, sau nawa ka ga Ɓaunar nan a jujina?"

Na yi tunani. "Kusan kullum."

"Sau nawa aka ɗauke ta?"

"Sau biyu."

"Sau uku. Ɗaya na ɓoye maka, kana jarrabawa lokacin. Duk na je na ciwo abata." Ya hura ɓawon gyaɗa ya bi 'yan uwansa sama. "Kai a ina kake zaton na same ta? A jujin wani direban tanka na ɗauko ta, ya yi kwana uku ba ya amsa sallamata. Dabbar juji ce, Tasi'u, ta san hanyar zuwa ta san ta dawowa. Na bar maka ita ka yi faɗa da ita, kai kuma ka buɗe mata asibiti."

"In ta tafi, me ya rage min naka?"

Ban yi niyyar faɗa ba, fita ya yi da kansa. Sadisu ya daina fito. Kurayen ma suka kawar da kai.

Yaya ya ajiye gyaɗar. Ya miƙo hannu ya gyara min riƙon katin, ya buɗe su kamar mafici yadda ya koya min ranar farko, ya ɗage babban yatsana daga kan ƙahon.

"Wa ya koya maka wannan riƙon?"

"Kai."

"Sadisu zai iya ɗaukarsa a juji?"

Kafin in ce wani abu jar akuyar ta hawo motar da sikelinta a kai, bunsurun na biye da ita da lema a kife. Ta dire sikelin a tsakiyar tebur, ƙwan zabin da haƙorin kura duk suna nan yadda na bar su.

"Malam Tasi'u, za mu rufe fayil, masinja na jin yunwa. Rabin layin da ya rage."

Na miƙe tsaye a kan motar da ke tafiya da baya, na faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Yana jefar da abin da ka fi daɗewa kana riƙo."

Wani abu ya faɗo daga sama, dunƙulallen hannu ne na baƙin ƙarfe, girman tulu. Ya tsaya a iska tsakanin faranti biyun, ya ƙi sauka. Akuyar ta zagaya shi, ta shinshina, ta ɗan lasa.

"Wannan ba na katin ba ne," ta ce. "Naka ne. Ba ma awon mutane ranar Asabar."

Ta ture shi da ƙaho ya faɗa titi. Sikelin ya karkata dama kaɗan, da kaurin ƙwai ɗaya.

"Kati ne mai kyau ga wanda ke sauke abin hannunsa," ta ce, tana naɗe mayafi. "Ga mai ɓoyo kuwa masifa ne. Sai ka zaɓi wanda za ka zama, mu namu awo ne."

Na zauna. Na zare Ɓauna na buga ta a fage da ƙarfi har kofin shayi ya yi tsalle.

Ta faɗo tebur da ƙafa huɗu, ta yi wani gurnani da ya ɗaga rufin rumfar. Kurar farko ba ta gama miƙewa ba ta sha guntun ƙaho ta yi sama, ruwan da ke tashi ya tafi da ita. Zagaye ya dawo kaina. Na dubi Guga, na dubi Ɓera, wanda yanzu shi ne dattijon hannuna.

"Yi haƙuri," na ce masa.

"Ba komai," in ji Ɓera. "Dama juji ne unguwarmu."

Na buga Guga. Ɓera ya tafi, na ja kati uku na kife su a gabana. Kamar yadda na faɗa wa akuya, zagayen ya tafi ban sauke dabba ba, kurayen biyu suka yi wa Ɓauna taron dangi. Ta take ɗaya, ɗayar ta kama ta a wuya. Na ga gwiwoyinta sun sare. Ta faɗa juji a gaban idona, wurin da na yi shekara uku ina hana ta zuwa, kuma wallahi dariya take yi, tana haki tana cewa, "Ka ga yadda ta farkon nan ta tashi? Ka gani?"

Sadisu ya miƙa wuya yana leƙen jujina, ya lashe leɓe.

"Sai ka ci tukuna," na ce masa. "Zauna."

Kura ɗaya ta rage masa, ni kuma kati uku a kife. Ban san mene ne a ciki ba. Zai iya zama Zaki, zai iya zama zomaye uku. Tsoro na nan, amma hannuna na hagu ya yi sakayau, iska na ratsa tsakanin yatsun. Na juya in nuna wa Yaya.

Kujerar babu kowa. Sai 'yar gyaɗa da ya ɓare ya tara min a gefen tebur, yadda ya saba in wasa ya ɗauke min hankali na manta da ci.

Na share idona da hannun riga. Na ɗora yatsa a kan katin farko, na fara ɗaga gefensa.

Fanjam!

Guga ne ya faɗa rijiyar tsakar gidanmu, ƙasa ya nufa kamar na kowa. Igiya na gogar bakin rijiya, Barira na mita wai ruwan ya ja baya. Gari ya waye. Katin na nan a ƙirjina, ya ɗan lanƙwashe a gefe.

Na tashi zaune na jawo ɗaurin daga ƙarƙashin matashi, na zura Guga a tsakiya, arba'in suka cika. Na shiga gauraya su.

Barira ta leƙo da bokiti a hannu. "Yau ma rungumar Ɓaunar za a je a yi a dawo?"

"Yau fita za ta yi."

"In aka ɗauke ta fa?"

"In je in ciwo ta wata Asabar."

Ta tsaya tana kallona, ta ga ban leƙa ƙasan ɗaurin na duba inda Ɓauna take ba, abin da ban taɓa fashin yi ba tun ranar da aka kai Yaya. Ta ce in zan wuce kasuwa kafin rumfa in taho mata da gyaɗa.